Kiɗan da ke raka hoto: tambayoyin da ake yawan yi mini, da amsoshinsu

Ɗakin da nake haɗa sauti yana bayan wani shagon cajin waya ne, a garinmu da ke kan hanyar Wudil zuwa Gaya. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: fiyano ɗaya, kwamfuta, makirufo biyu, da tsofaffin katifu da na jingina a bango don su shanye amo. Sola ce ke riƙe da mu. Masu zuwa wurina su ne samarin da ke shirya wasan barkwanci su ɗora a YouTube, da masu shagon taki da maganin feshi da ke son talla a rediyo, da ƙungiyoyin wayar da kai, sai wani ɗalibin jami'ar Wudil da ya nace sai ya ƙera gem ɗin dara. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na tattara su a nan.

Malam, wai mene ne kiɗan rakiya? Ba shi ne waƙar fim ba?

A'a, ƙanena. Waƙar fim ita ce wadda labari ke tsayawa dominta, jarumi da jaruma su fito su yi ta, a gama a koma inda aka tsaya. Kiɗan rakiya ba ya tsayar da komai. A ƙarƙashin hoto da magana yake tafiya, kamar 'yan rakiyar amarya: suna tare da ita, amma ba su aka zo gani ba. Mutanen da ke cikin labarin ba sa jin sa, mai kallo kaɗai aka yi wa shi. Idan kuwa a cikin labarin ne aka kunna rediyo a teburin mai shayi, ko makaɗa suka zo gidan biki, wannan sautin wuri ne, kuma hukuncinsa daban. Dole ya yi nisa idan kyamara ta yi nisa, ya dushe idan an rufe ƙofa.

Abin ya girmi fim mai magana. Lokacin da fim bai da murya, gidajen sinima a Turai da Amurka kan ajiye mai fiyano a gaban allo yana bin hoton da kiɗa. Da fim mai magana ya karɓu daga 1927, sai kiɗan ya koma cikin fim ɗin kansa. Mu nan, fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama a Kano a 1990, ba a jima ba kuma fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin birni. Sai ƙarfinmu duk ya tafi kan waƙa. Har gobe za ka ga an kashe kuɗi da kwanaki a kan waƙoƙi uku, amma kiɗan da zai raki labarin awa biyu an bar wa mai tace hoto ya tsinto a daren ƙarshe.

Ta yaya zan san kiɗan da ya dace da kowace fitowa?

Amsar tana kunnenka tun kana goye. Tuna filin dambe. Kafin ɗan dambe ya miƙe, makaɗi ya saki takensa, kuma duk filin ya san wanda zai fito tun ba a ga ƙeyarsa ba. Abin da manyan masu kiɗan fim na duniya ke yi ke nan: su ba kowane mutum ko kowane haɗari ɗan gajeren amo nasa, su riƙa dawo da shi, yau da gudu, gobe a sanyaye. Akwai fim ɗin Amurka na 1975 a kan wani ƙaton kifi mai cin mutane, wanda amo biyu tak ke sanar da zuwansa. 'Yan kallo su fara tsuma alhali ruwa kawai suke gani. Take ne, ba wani abu ba.

Mu kuma muna da abin da su ba su da shi da yawa: kowane abin kiɗanmu yana da gidansu. Kakaki da tambari na sarki ne. Kotso da taushi na fada ne. Dundufa ta maƙera ce, garaya ta mafarauta da 'yan bori, gangar noma ta gayya. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da dandalin 'yan mata. Sarewa ta makiyayi ce. Shantu da ƙwarya na cikin gida ne, wurin mata. Bandiri na zikirin Ƙadiriyya ne. Mutumin Haɗeja ya ji gurmi, marigayi Haruna Uji zai faɗo masa a rai ko bai so ba. Kuntigi kuma duk ƙasar Hausa Ɗanmaraya Jos take tunawa. Wato da bugu ɗaya za ka gaya wa mai kallo inda yake da wanda zai gani, ba tare da ɗan wasa ya buɗe baki ba.

Da bugu ɗaya kuma za ka yi ƙarya. Na ga wasan da aka busa wa mai unguwa kakaki yana fitowa daga zaurensa. A Jigawa masarautu biyar ne, Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse, kuma babu yaron ƙauyen da bai san wa ake busa wa kakaki ba.

Ni ma na taɓa shan kunya. Na ɗauki wani mai kalangu, na ce ya kaɗa mini wani abu a hankali, na sa a ƙarƙashin fitowar da ake wa jaruma gaisuwar rasuwar mijinta. Ranar da muka nuna a gidan kallo, sai wani dattijo ya fashe da dariya. Bayan an tashi na same shi na durƙusa na ce, "Baba, me muka yi?" Ya ce, "Yaro, taken mahauta ka sa wa gawa." Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar Hausa. Tun daga ranar, duk makaɗin da na ɗauka sai na tambaye shi me gangarsa ke cewa.

A aikace, ga yadda nake yi. Ni da darakta mu kalli fim ɗin bayan an gama tacewa, babu kiɗa ko kaɗan, da takarda a hannu. Mu rubuta minti da daƙiƙar da kiɗa zai shiga, da inda zai fita, da abin da muke so mai kallo ya ji a ransa a wurin. Yawancin gardamarmu a kan inda zai fita ne.

Dole ne a sa kiɗa daga farko har ƙarshe?

Wannan ce babbar cutar finafinanmu. Ana tsoron shiru kamar shiru bashi ne. Kiɗan da bai taɓa tsayawa ba, bayan minti goma kunne ya daina jin sa, ya zama ƙarar janareta. Uwa ta ji labarin an kama ɗanta, ka ɗauke komai, ka bar kukan kurciya a kan dalbejiya da ƙarar taɓarya daga gidan maƙwabta. Gwada ka gani.

Fiyano yana da muryar ganga da sarewa. Me zai sa in wahala neman makaɗi?

Don ba abu ɗaya ba ne. Amon fiyano a tsaye yake, an raba shi matakai 12 daidai wa daida. Mai kalangu kuwa matse tsarkiya yake yi a hammata, amon ya zame daga ƙasa zuwa sama, ya bi ta tsakanin matakan. Mai goge da mai kukuma ma haka. Wannan zamewar ita ce Hausar kiɗan, fiyano kuma bai iya ta ba.

Ban ce ka jefar da fiyano ba. Ni ma da shi nake shimfiɗa, sannan in ɗora makaɗi ɗaya a kai. Ɗaya ya isa. Idan kuma fiyanon kaɗai gare ka, fara da baƙaƙen maɓallan nan biyar. Mafi yawan karin waƙoƙinmu a kan amo biyar suke tafiya, za ka ji abin ya matso gida.

Mutane na cewa ba sa jin maganar 'yan wasana. Laifin waye?

Sau da yawa laifin mai haɗawa ne, don yana saurare da manyan lasifikoki a ɗaki mai shiru, alhali masu kallonka a majalisa suke, mutum shida sun sunkuya a kan waya ɗaya, babura na wucewa. Ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa. Duk kaurin gangar da ka ji a situdiyo ɓacewa yake yi, a bar ka da amo mai tsini, kuma nan ne maganar mutum take zaune. Algaita da goge da sarewa duk a wannan layin suke, suna kokawa da baƙaƙen magana. Saboda haka idan ana magana, ka janye su, ka bar shimfiɗa mai taushi. A yi shiru, su dawo.

Ƙara kuma ba ta sayen komai. YouTube na rage duk abin da ya wuce kimanin -14 a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira LUFS, gidajen talabijin na Turai kuma -23 suke bi. Ka cika wa kiɗa wuta, injin ya mayar da shi ƙasa, har da maganar. Kafin in sallami aiki, sai na tura shi cikin wata tsohuwar waya na fita bakin titi na saurara.

Zan iya yanko kiɗa daga fim ɗin Indiya? Kowa ma haka yake yi.

Kowa na yi, kuma da yawa suna kuka. Tun 2007 YouTube ke da wani tsari mai suna Content ID, wanda ke gwada sautin duk bidiyon da aka ɗora da na masu haƙƙin mallaka. Ya gano kiɗan wani a naka, mai shi ke da zaɓi: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi kuɗin talla su riƙa tafiya aljihunsa, ko ya sa ido kawai. Kai ka biya 'yan wasa, ka sha rana, wani kamfani a Mumbai ya kwashe amfanin. Idan kuma mai shi ya shigar da ƙorafin a sauke bidiyon, wannan gargaɗi ne a kan tasharka, uku suka taru a cikin kwana 90 an rufe ta. Facebook ma na da irin nasa tsarin.

Maganar da ke yawo cewa daƙiƙa goma ba laifi ba ce, babu ita a doka. Rubuta "ba ni ne mai wannan kiɗan ba" a ƙarƙashin bidiyo ma bai wanke ka ba, shaida ka bayar a kan kanka.

To na Shata fa? Ai ya rasu, waƙarsa ta zama ta kowa.

Allah ya jiƙansa, amma ba ta zama ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa da kiɗa har shekara 70 bayan shekarar da mai su ya rasu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ka ga sai ƙarshen 2069 ke nan. Ɗanmaraya ya rasu a 2015. Haƙƙin gado ne kamar gona, magada ke da shi.

Kuma haƙƙi biyu ne a kan kowane faifai. Akwai na waƙar kanta, akwai na ɗaukar da aka yi mata, wanda ke ɗaukar shekara 50 daga lokacin da aka fitar. Ko ka sa wani ya sake kaɗa waƙar a ɗakina, ka tsallake na biyun ne kawai, na farkon na nan.

Kiɗan gargajiyar da ba a san wanda ya fara shi ba, shi ma dokar ba ta bar shi a titi ba. Idan za a yi kasuwanci da shi a wajen muhallinsa, hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, ke da ikon ba da izini, kuma ana so a faɗi al'ummar da ya fito.

Na biya makaɗi kuɗinsa a hannu. Ba shi ke nan ba?

Ka biya shi ladan yini. Ko ka sayi kiɗan, wannan sai takarda ta faɗa. Doka ta ce sayar da haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya izinin da babu mai tarayya da shi, ba ya tabbata sai a rubuce. Ba sai lauya ba, kuma da Hausa ma ya yi, da boko ko da ajami: wane ne ya kaɗa, a wane aiki za a sa, a ina za a nuna, har tsawon yaushe, nawa aka biya, shaidu biyu. A karanta wa makaɗin a gaban mutanensa kafin ya dangwala. Ka kuma sa sunansa a ƙarshen fim, wannan ba ya cin kobo.

Takardar ni ma tana kare ni. Na taɓa yi wa wani mai shago jingil, wato ɗan gajeren kiɗan talla, bisa cewa na rediyo ne na wata uku. Bayan shekara na je wata kasuwa na ji kiɗana a lasifikar motar wani mai maganin gargajiya, an goge muryar an ɗora wata. Da na yi magana, cewa aka yi ai an biya ni. Ba mu rubuta komai ba, na haɗiye.

Akwai kiɗan kyauta na halal a intanet?

Akwai. YouTube na da rumbun kiɗansa tun 2013, Facebook ma na da nasa, sai dai kowanne ka karanta inda ya yarda a yi amfani da shi. Akwai kuma masu sakin aikinsu da lasisin Creative Commons, wato izinin kowa ya yi amfani da shi bisa sharaɗi. Ka ga BY, sharaɗin shi ne ka ambaci mai shi. Ka ga NC, ba a yarda ka nemi kuɗi da shi ba, don haka bai halatta a talla ba. Kamfanoni irin Epidemic Sound na Suwidin kuɗin wata ake biyan su, su wanke maka tasharka. A TikTok, shafin kasuwanci rumbunsa daban ne da na sauran jama'a.

Aibinsa ɗaya: na kowa ne. Kiɗan da ka sa wa baƙin cikin jarumarka Ladidi, shi wani a Brazil ya sa wa tallan sabulu. Zanin aro dai ba ya rufe katara.

Ƙirƙirarriyar basira fa?

Manhajoji irin Suno na haɗa kiɗa cikin minti ɗaya. Tsarinsu na kyauta bai ba ka izinin kasuwanci ba, sai ka biya. Na gwada neman kalangu, abin da ya fito ganga ce mai kyau wadda ba ta jin Hausa.

Ni talla nake so, Malam, ta shagona. Wane irin kiɗa za ka yi mini?

Ranka ya daɗe, Alhaji, gajere. Talla daƙiƙa 30 ce ko 60, kuma wanda ake yi dominsa yana kan babur ko yana cire ciyawa da rediyo rataye a reshe. Abu uku zai iya riƙewa: sunan shagon, abin da ake sayarwa, da inda yake. Kiɗan aikinsa ya manna waɗannan a ka. Ka tuna kukan tsohuwar wayar Nokia? Amo 13 ne kacal, an ciro su daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega ɗan Sifaniya ya rubuta a 1902, amma har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba ta san shi. Shagonka take yake buƙata, ba waƙar minti bakwai mai jero kakanninka ba. Wannan ka bari sai bikin 'yarka.

Ka faɗa mini tun farko inda za a sa. Na Rediyon Jigawa ko Freedom daban nake haɗa shi da na lasifikar da za a ɗaura a mota a zaga Maigatari ranar Alhamis ko Gujungu ranar Lahadi. Ƙahon lasifika tsini ne da shi, yana cinye kauri, sai an rage kayan kiɗa an fito da murya. Ka sani kuma hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance talla kafin a watsa, idan kuma magani ne akwai ruwan NAFDAC. Wannan ba aikina ba ne, amma gara ka ji daga bakina.

Shiri mai dogon zango na talabijin fa?

Tun da Arewa24 ta fara a 2014, kasuwa ta karkata zuwa nan. Shirin da zai yi kashi hamsin ba a yi masa sabon kiɗa kowane mako. Taken buɗewa ake yi, sannan a tara masa rumbu: na fargaba, na raha, na kewa, na wucewar lokaci, kowanne da dogo da gajere, duk jikokin taken farko. Mai kiɗa kuma ya riƙe takardar da ke nuna kowane kiɗa da tsawonsa a kowane kashi. Da irinta ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa, MCSN, ke sanin rabon kowa idan gidan talabijin ya biya.

Yaya, kiɗan gem ɗina na dara yana gundurar mutane. Me zan yi?

Fim ya san tsawonsa, gem bai sani ba. Wani zai gama wasa a minti biyu, wani zai yi rabin awa yana tunanin inda zai ajiye ƙwallo ɗaya. Shi ya sa kiɗan gem ake yin sa a zagaye, ƙarshensa ya haɗe da farkonsa ba tare da an ji ɗinkin ba. Naka daƙiƙa 20 ne kuma yana da kari mai kama kunne, a zagaye na goma mutum zai kashe sauti. Tsawaita shi, ka rage masa surutu.

Sannan ka yi shi hawa-hawa. Shantu kaɗai lokacin da ake jera ƙwallaye. An fara ci, ƙwarya ta shigo. Saura ƙiris a cinye wani, kalangu ya hau. Manhajojin FMOD da Wwise don wannan aka yi su, amma a ƙaramin gem kana iya yi da hannunka a cikin manhajar ƙera gem, Unity ko Godot. Ajiye fayilolin a tsarin OGG don kada su cinye wa mutane data. Kada ƙarancin kaya ya karya maka gwiwa: injin Nintendo da Koji Kondo ya yi wa kiɗan Super Mario a 1985 muryoyi biyar kawai yake iya fitarwa.

Ni ba na son kayan kiɗa a aikina saboda addini. Za ka iya?

Ina iyawa, Hajiya, kuma ina yi. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ni ba malami ba ne, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Muryar mutum kaɗai, a ɗauke ta sau huɗu ko biyar a ɗora wata kan wata, tana cika wuri. Ga luguden mata, ga ƙarar guduma a maƙera, ga guga a rijiya, ga tsuntsayen dausayin Baturiya. A Birnin Kudu har duwatsu masu amo akwai, waɗanda wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a 1955. Wurin tarihi ne, sai da izinin masu kula da shi. Idan fim ne da za a fitar a Kano, hukumar tace finafinai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, za ta duba shi ko da kiɗa ko babu.

Nawa ne kuɗin aikin?

Ya danganta da mintocin kiɗan, da yawan makaɗan da za a ɗauko, da kuma ko haya kake yi ko saye. Kiɗan da zan iya sake ba wa wani ya fi araha. Wanda zai zama naka kai kaɗai har abada, kuɗinsa daban. Rabi kafin a fara. Gyara sau biyu kyauta ne, na uku kuma mu sake zama.

Me zan karɓa idan an gama, kuma yaushe zan zo a ɗauka?

Za ka karɓi fayil na WAV a kan kilohaz 48, wanda shi bidiyo ke so, da kowane abin kiɗa a ware, don mai tace hoto ya iya janye algaita ya bar ganga. Kada ka ce in turo ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, matse shi yake yi ya lalace. Zo da fulash ko memori.

Lokaci kuwa, ƙauye ba shiru gare shi ba kamar yadda 'yan birni ke zato. Da asuba zakaru, da hantsi injin niƙa, da la'asar 'yan makarantar allo, da magariba janaretan mai shayi. Tsakanin azahar da la'asar nake ɗauka, ko bayan sha ɗaya na dare idan batir ya yarda. Da damina fatar ganga saki take yi, sai an shanya ta ko an gasa ta a gefen wuta. Da hunturu kuma ta ɗaure har ta yi tsini, ga leɓen mai sarewa a tsattsage. Ranar Juma'a kada ma ka taso. Motocin shanu na kasuwar Wudil tun daren Alhamis suke wucewa ta ƙofar shagon, katifuna ba sa iya musu.